Raunin Ido: Awannin Farko Ke Yanke Hukunci

 

A 1998 aka buga wani bincike na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.6 ne suka makance gaba ɗaya sanadiyyar rauni, wasu kimanin miliyan 19 kuma ido ɗaya ya mutu ko ganinsa ya ragu ƙwarai. Mu da ke aikin ido mun san wani abu da alƙaluma ba sa nunawa: sau da yawa raunin kansa bai kai ya kashe ido ba. Jinkiri ne ke ƙarasa shi, da kuma abin da aka ɗiga a ciki kafin a zo wurinmu.

Ku dubi manomi lokacin girbi. Ganyen dawa ya yanke shi a ido, ko ƙaiƙayi ya faɗa masa wurin sussuka. Ɗan karce ne a fatar gaban ido, wanda da an sa masa man ido na asibiti a ranar, da galibi ya warke cikin kwana biyu zuwa uku. To amma aiki ya yi yawa, sai ya murza idon ya ci gaba. Washegari a matsa masa ruwan ganye, ko nonon mai jego, wani ma har fitsari. Daga nan a je kemis a karɓo maganin ɗigawa mai sitiroyid, ja ya lafa, a ce an samu sauƙi. Alhali tsirrai na ɗauke da ƙwayoyin cuta dangin funfuna, sitiroyid kuwa yana danne garkuwar ido ne, ya ba su fili. Bayan mako biyu a kawo mana shi da farin gyambo a tsakiyar baƙin idon. Ko mun kashe cutar, hakiya ta zauna. Wannan ne ya fi ci mini rai, domin asara ce da kuɗi kaɗan da tafiyar yini ɗaya za su hana.

Magina da masu gyaran batir, ku ba ni hankalinku. Idan siminti, ko farar ƙasa, ko ruwan batir ya fantsamar muku a ido, kada ku fara da neman abin hawa. Ku fara da ruwa. Ruwan buta, na famfo, na leda, duk mai tsabta da ke kusa. A buɗe idon da yatsu a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 20, sannan a nufi asibiti. Mutane sun fi tsoron ruwan batir, amma siminti da farar ƙasa sun fi shi mugunta, saboda suna ci gaba da nutsewa cikin ido muddin ba a wanke su ba.

Idan kuwa abu ne ya huda idon, waya ko tsinke ko ɓarɓashin ƙarfe, hukuncin ya juya. Ba wanki, ba murzawa, ba cirewa. A kifa gindin kofin roba a kan idon yadda ba zai taɓa shi ba, a manne, kada majinyacin ya ci ko ya sha don wataƙila a yi masa tiyata. Makanike da ke dukan ƙarfe da guduma, ya ji wani abu ya tsarta masa a ido, ya je a duba ko da zafin ya wuce. Ɓarɓashi na shigewa ciki ya yi tsatsa, gani ya tafi a hankali.

Mai walda kuma ya san daren da ido ke yi kamar an watsa masa yashi, awa shida zuwa goma sha biyu bayan aiki. Hasken walda ne ya ƙona fatar idon, kuma baƙin tabarau na kwalliya ba ya maye gurbin garkuwar walda. Maigidan da ya ɗauki yaro koyon sana'a bai ba shi abin kare ido ba, ya ci amanar iyayen yaron.

Malamai da iyaye, bakin bulala na lauyewa ya sami ido, haka danƙon harbin tsuntsu da abin fashewa na wasan yara. Jini na iya taruwa a cikin ido ba tare da yaron ya yi wani kuka ba.

Muna da Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa a Kaduna, da asibitin ido na ECWA a Kano, da sassan ido a asibitocin koyarwa. Roƙona ga shugabannin ƙungiyoyi shi ne ku sa tabarau na kariya ya zama sharaɗin shiga aiki, ku ajiye jarkar ruwa mai tsabta a kowane gareji da wurin gini. Wanda kuma ya ji rauni a ido, a kai shi wurin ma'aikacin ido a ranar, kada a bari ya kwana.