Lacca: Wa Ke Tsaron Haƙƙin Mai Rubuta Manhaja a Nijar?



Gobarar da ta cinye Ƙaramar Kasuwar Yamai, wato Petit Marché, a shekarar 2012 ta nuna cewa dukiyar da ido ke gani tana iya salwanta cikin ƙanƙanen lokaci. Akwai kuma dukiyar da wuta ba ta ci, amma ɓarawo na ɗauke ta ba tare da ya fasa ƙofa ba. Ita ce manhajar kwamfuta, irin wadda matashi zai rubuta domin ɗan kasuwa ya riƙa lissafin hajarsa da bashin da yake bi a cikin salula. Tsaron wannan dukiya shi ne aikin lauyan haƙƙin ƙirƙira.

Sana'ar tana bukatar ilimi biyu, na shari'a da na fasaha. A Amurka ba a barin mutum ya tsaya wa masu ƙirƙira gaban ofishin rajista sai yana da ilimin kimiyya ko na injiniya, kuma ya ci jarrabawar ofishin. Can ma rigimar manhaja ta daɗe: Kotun Ƙoli ta buɗe ƙofa a 1981, sa'an nan ta ƙuntata ta a 2014, inda ta yanke cewa ɗora tunani kawai bisa kwamfuta bai isa a kira shi ƙirƙira ba.

Nijar kuwa tana cikin ƙungiyar OAPI mai ƙasashe 17, wadda cibiyarta ke Yawunde. Yarjejeniyar Bangi ta 1977 ce ta kafa ta, aka yi mata gyara a 1999 da 2015. Takardar mallakar ƙirƙira da ƙungiyar ke bayarwa tana aiki shekara 20 a dukkan ƙasashen. Sai dai yarjejeniyar ta cire manhaja daga abin da ake ba wannan takarda, ta ajiye ta a sahun littafi da waƙa, ƙarƙashin haƙƙin marubuci, wanda hukumar BNDA ke kula da shi a Nijar.

A nan gwanintar lauya take bayyana. Haƙƙin marubuci yana hana a kwafi rubutun manhajar, amma ba ya hana wani ya ɗauki dabarar ya rubuta tasa. Saboda haka lauyan ƙwarai zai duba ko akwai sabuwar na'ura da ta cancanci rajista, ya yi wa sunan manhajar rajistar tambari a OAPI, ya kuma tsara yarjejeniya a rubuce wadda ta fayyace wa ke da manhajar, mai rubutawa ko mai biya.

Matashin da ya miƙa aikinsa bisa alkawarin baki, ranar da rigima ta tashi zai tarar hujjarsa ba ta da ƙarfi gaban alƙali. Don haka ya nemi lauya tun kafin ya sa hannu, kuma ya kamata jami'o'inmu su horar da masu wannan ilimi biyu.

Wassalam.