DABID DUBINSKI, BAƘON DA YA TA DA SANDIKAR TELOLI A AMURKA

Jawabin da wani mushen lakkwal ya yi a taron ƴan reshe ran kasuwa



Yau labarin wani tela na kawo muku, ku ba ni kunnuwanku. Sunansa Dabid Dubinski, Bayahude ne, an haife shi a 1892 a garin Bires-Litobsik, cikin mulkin Sarkin Rasha. A birnin Loj ya girma, yana aiki gidan burodin mahaifinsa. Yana da shekara 15 ya shiga cikin shugabannin sandikar masu burodi. Sunka yi yajin aiki, anka kama shi, anka jefa kaso, daga baya anka kore shi zuwa Sibiriya. Ya tsere. A 1911 ya sauka birnin Niyok na Amurka, ba kuɗi, ba Ingilishi a bakinsa.

Wace irin sana'a ya iske? A can, teloli ba su da keken kansu kamar namu na bakin kasuwa. Masu kuɗi ke tara ɗaruruwan mutane cikin bene guda, galibi baƙi ne, Yahudawa da Italiyawa, suna ɗinki tun safe har dare a kan lada kaɗan. Cikin wannan shekara, ran 25 ga Maris, gobara ta kama gidan ɗinkin Triangle. An kulle wata ƙofar fita. Mutum 146 sunka mutu, yawancinsu ƴan mata.

Dubinski ya koyi yankan yadi, ya ɗauki katin sandika, a 1921 ya zama shugaban reshen masu yanka. To, a nan nike so ku lura. A 1926 rigimar siyasa ta raba sandikar gida biyu, anka shiga yajin aiki na fiye da wata shida, anka kashe dalar Amurka sama da miliyan 3, ba a sami abin kirki ba. Sa'ad da ya zama shugaban ƙungiyar duka a 1932, bashi ya yi mata katutu, ƴan kati ba su kai dubu 50 ba.

Me ya yi? Da gwamnatin Rozabel ta fito da dokar 1933 wadda ta ba ma'aikata ikon haɗa kai, bai yi barci ba. Cikin watan Agusta masu ɗinkin rigunan mata wajen dubu 60 sunka aje aiki a Niyok da kewaye, sunka sami ƙarin lada da awa 35 a mako. Kafin 1934 ta ƙare ƴan kati sun kai wajen dubu 200.

Amma ba yaji kaɗai ya riƙe su ba, amana ce. Ya sa ana buga lissafin kuɗin ƙungiya, abin da ya shigo da abin da ya fita, kowa ya karanta. Manyan ma'aikatanta kuwa, kowa sai ya rubuta takardar barin aiki babu kwanan wata, a aje. Ran da ka taɓa kuɗin jama'a, ran nan za a cika kwanan.

Ba mu ce ba ya da aibu ba. A ƙarshen zamaninsa baƙaƙen fata da mutanen Fotoriko sunka yi kuka, sunka ce suna biyan kuɗin kati amma ba a ba su kujera. Baƙon jiya ya manta da baƙon yau. Ya sauka a 1966, ƙungiyar tana da mutum fiye da dubu 400. Ya rasu a 1982.

Ƴan uwa, tsintsiya ɗaya ba ta shara, amma igiyar da ke ɗaure tsintsiya ita ce gaskiyar ma'aji. Saboda haka kowane reshe, ran taro, ma'aji ya buɗe littafi gaban jama'a, ya karanta da Hausa. Wanda ya biya kati, ko baƙo ne, a ba shi wurin zama da bakin magana.

Allah ya ba mu sa'a. Wassalam.