Gwajin Ido: Kada A Bi Haske Da Kallo

Hawan jinin ido, wato gilakoma, ɓarawo ne. Daga gefe yake fara cin gani, sau da yawa ba zafi. Manomi yana ganin kunyar da ke gabansa, amma ba ya ganin akuyar da ta shigo ta gefe. Ganin da ya tafi ba ya dawowa.

Shi ya sa likita kan tura mutum gwajin faɗin gani a manyan asibitocin Kano, kamar Asibitin Ido na ECWA.

Mai zuwa daga Bichi ko Ɗambatta ya kwanta da wuri, ya karya kumallo, ya riƙo tabaransa. Za a rufe masa ido ɗaya, ya ɗora haɓa a kan na'ura. Ya kafa ido a tsakiya kawai. In ɗan haske ya ƙyalla a gefe, ya danna maɓalli. In bai gani ba, kada ya danna. Ba wanda ke ganin duka. Ƙiftawa ba laifi. In ya gaji, ya faɗa a dakata.

Wanda ya yi cinke ya ruɗar da likita, ya cuci idonsa. In an ce a sake gwaji, ya koma.

Allah ya ba mu lafiya, amin.