Jawabin Ofishin Magatakarda a Taron Cikar Shekara: Abin da 'Yan'uwanmu Ke Yi Bayan An Tashi Kasuwa

Shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawa, Alhazai da Hajiyoyi, 'yan'uwa na Katsina da Jibiya da Ɗan Isa da Maraɗi, barkanmu da ganin wannan rana.

Kowace shekara ofishinmu yakan karanto muku lissafin kuɗin wata-wata da sunayen waɗanda suka biya. Bana za mu ƙara da wani lissafi da ba ya cikin rajista. Mun zagaya gidajen wasu membobi, mun ga abin da suke yi idan an rufe rumfa.

Akwai dattijonmu mai fataucin albasar Galmi. A bayan gidansa ya jera tukwane a jikin katanga, duk tattabaru ne. Shi ya nuna mana cewa tattabara ƙwai biyu take yi, kuma namiji da mace ke karɓa-karɓa wajen kwanci har kwana 18. In ya dawo daga tafiya, kafin ya sha ruwa sai ya watsa musu gero.

Akwai Hajiyarmu mai sayar da atamfa da turare. Ita jar akuyar Maraɗi ce abin sonta, irin wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen waje. Cikin akuya wata biyar ne, kuma wannan iri ta saba haifar tagwaye. Hajiya ta san kowace da halinta, har da wadda ba ta cin dusa sai an barbaɗa kanwa.

Muna da direban da ba ya ɗaukar lodi a makon kokawar takobi ta Nijar, gasar da aka fara a Tawa a 1975. Rediyonsa a kunne, kuma zai lissafa maka 'yan kokawar kowace jiha. Muna kuma da 'yan canjin sefa da naira da ke zama bayan la'asar su buga dara, ramuka 30, kowa da 'ya'ya 12. Sau da yawa a kan wannan dara ake sasanta bashin da ya gagara a ofis.

Dalilin kawo wannan magana shi ne abin da duk muka gani. An rufe iyaka a watan Agusta na 2019, ba a buɗe ba sai Disamba na 2020. Aka sake rufewa a 2023 bayan juyin mulki a Yamai. Motoci suka tsaya, albasa ta ruɓe, jari ya narke. A waɗannan watanni dattijonmu 'yan shila ya riƙa sayarwa yana cefane. Hajiya akuya biyu ta kai kasuwa ta biya kuɗin makarantar jikoki, ba ta taɓa jarinta ba. Waɗanda ba su da komai sai rumfa, mun san yadda zaman gida ya yi musu, wasu har rashin lafiya. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Don haka muna gabatar wa wannan taro shawara biyu. Ta farko, a cire wani abu daga asusun taimako a sayi awaki a ba matan membobinmu da suka rasu kiwo. In akuya ta haihu aka yaye, uwar ta wuce gida na gaba, 'ya'yan su zama na mai kiwo. Hajiya ta yarda za ta zaɓo masu kyau, kuma a yi musu allurar rigakafi kafin a raba.

Ta biyu, a ware shafi ɗaya a wannan mujalla kowace shekara don labarin memba ɗaya daga kowane ɓangaren iyaka, domin yaranmu su san iyayensu da abin da ya wuce ciniki. Duk mai son a ziyarce shi ya rubuta sunansa a teburinmu kafin a tashi. Zumunci a ƙafa yake, mu za mu zo.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya bar hanya a buɗe, ya ba mu kasuwa mai albarka. Wassalamu alaikum.