Jawabin Shugaban Taro a Bikin Yaye Matasa Masu Yi wa Baƙi Jagora a Argungu

 

Wakilin Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Allah ya ja zamanin Sarki, 'yan majalisar Sarki, hakimai da uwayen ƙasa, wakilan gwamnatin jiha da na ƙaramar hukuma, Sarkin Ruwa da Homa da sauran shugabannin masunta, malamanmu masu daraja, iyayenmu mata, 'yan kasuwa da 'yan jarida, da ku 'ya'yanmu da ake yayewa yau.

Ina miƙa godiya ga kwamitin da ya shirya wannan horo, da malaman da suka ba da lokacinsu, da ma'aikatan gidan tarihi na Kanta da suka buɗe wa yaran nan ƙofa, da masuntan da suka zauna suka koya musu abin da ba ya cikin littafi. Matasan nan sun karanta tarihin Kabi tun daga Muhammadu Kanta da birninsa na Surame, sun koyi tarbar baƙo, sun koyi taimakon gaggawa, an kuma gwada iyonsu a ruwa. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Magana ɗaya ce ta kawo ni, kuma zan daɗe a kanta. Duniya ta san garin nan da bikin kamun kifi, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, ziyarar da ta rufe babin tsohuwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. A 2016 UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun gado na bil'adama, kuma abin alfahari ne. Amma biki kwana huɗu ne, shekara kuwa kwana 365. Kowa a nan ya tuna cewa daga bikin 2009 ba a sake yin wani ba sai watan Maris na 2020. A tsawon shekarun nan kogin yana nan, gidan tarihi yana nan, masu saƙa homa da masu gyaran gora suna nan, amma masu masauki da masu sayar da abinci suka zauna jiran ranar da ba su da iko a kanta. Garin da ya rataya arzikin baƙuncinsa a kan kwana huɗu, duk shekarar da aka ɗage biki ya tafi hutun dole. Saboda haka baƙon da ya kamata mu nema shi ne mai ƙaramin aljihu, mai zuwa ranar Asabar ko hutun makaranta: malamin firamare daga Jega da ɗalibansa, magidanci daga Birnin Kebbi da iyalinsa, ɗaliban jami'a daga Sakkwato ko Aliero, 'yan uwanmu daga Gaya da Dosso. Wannan baƙo ba ya jiran gwamnati ta ware kuɗi. Kuɗin mota kawai yake lissafi, da abin da zai kashe in ya iso.

Abin da za mu nuna masa ba sai an gina ba. Gidan tarihi na Kanta gini ne na 1831, ya kasance fadar sarakuna har 1942, aka mai da shi gidan tarihi a 1958. A ciki akwai masu da takubba da kwari da baka da tambura, kuma a nan sarakunanmu suke kwance. Yaron da ya karanta sunan Kanta a aji, ya zo ya tsaya a gaban makaman Kabawa, ya samu darasin da allo ba zai ba shi ba. Daga nan a gangara kogin Matan Fada. Na san an hana kamun kifi a wurin sai lokacin biki, kuma haka ya kamata, don hanin ne ke sa giwan ruwa ta girma. Amma ba a hana kallo ba. Baƙo zai shiga kwale-kwale, ya ga yadda masunci ke kwanciya a kan gora da homa a hannu biyu, ya ji daga bakin masu abin mene ne gyaran ruwa da fashin ruwa, ya ga fadamar shinkafa a lokacin dashe ko girbi, ya ci gasasshen kifi a bakin kogi, ya sayi shinkafa 'yar gida ya koma da ita. Yini guda ne cikakke, kuma albashin ƙaramin ma'aikaci zai ɗauke shi, in har ba mu tsawwala ba.

To, a nan gizo ke saƙar. Masu hira a baya can, 'yan kabu-kabu da masu jirgi, ku saurara, da ku nake. Abin da ke korar baƙo mai ƙaramin ƙarfi shi ne rashin sanin nawa zai biya. Daga tasha a ninka masa kuɗin babur don an ji harshensa ba na gari ba ne, a bakin ruwa a yanka masa kuɗin jirgi gwargwadon rigar da ke jikinsa, ya ɗaga waya zai ɗauki hoto wani ya ce sai ya biya. Mai kuɗi zai biya ya manta. Malamin da ya tara kuɗin yara naira-naira ba zai manta ba, zai koma ya gaya wa makarantun da ke kewaye da shi kada su zo. Don haka ina roƙon ƙaramar hukuma da masarauta da ƙungiyoyin sana'a su zauna su tsayar da farashi, a rubuta shi da manyan baƙaƙe a allo, da boko da ajami, a tasha da ƙofar gidan tarihi da bakin ruwa, a yi rangwame ga 'yan makaranta, a ba da rasit.

Wani zai ce ciniki al'adarmu ce, rubuta farashi zai kashe ta. Ciniki yana da daɗi tsakanin mutum biyu da suka san darajar kaya. Baƙo bai san nisan tasha da kogi ba, don haka abin da ake yi da shi ba ciniki ba ne, cin amanar rashin saninsa ne. A bar ciniki a kasuwa, kan tabarma da kifi da shinkafa. A cire shi daga ƙofar shiga da kuɗin hawa. Wani kuma zai ce ɗan abin da talaka zai kashe ba zai gina gari ba, gara a nemi manyan baƙi. Manyan baƙi suna zuwa da motocinsu da abincinsu, galibi su kwana a Birnin Kebbi, su wuce. Kuɗin ƙaramin baƙo kuwa hannun mai ƙosai yake faɗawa, da mai jirgi, da mai shayi, kuma yana zuwa mako-mako. Da yayyafi kogi kan cika. Masu tsoron kada a mai da makwancin sarakuna wurin wasa suna da gaskiya, kuma amsarsu ita ce waɗannan yara da ke zaune a gabanmu: jagoran da ya san wurin shi zai ce a cire takalmi, a sassauta murya.

Araha kuma ba ta nufin sakaci da rai. Jihar nan ta yi jana'izar mutane da yawa sanadin haɗarin jirgin ruwa. Duk jirgin da zai ɗauki baƙo ya kasance da rigar kariya ga kowane mutum, kada a yi lodin da ya wuce ƙima, kada a tashi bayan magariba. Ina roƙon gwamnatin jiha ta cire ɗan kaso daga abin da ake warewa biki ta sayi waɗannan riguna, ta gina bayan gida na maza da na mata a bakin ruwa, ta sa rumfa da wurin alwala.

Ku kuma 'ya'yana, abin da ba ku sani ba na tarihi ku ce za ku tambayo, kada ku ƙirƙira. Kada ku karɓi ko sisi sama da abin da ke rubuce, kuma duk wanda aka kama, kwamiti ya karɓe shaidarsa ba tare da duba ɗan wane ne ba.

Da izinin Mai Martaba, na yaye waɗannan matasa a matsayin masu yi wa baƙi jagora a garin Argungu. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.