Shirin Unguwa Kafin Aukuwar Masifa

(Jawabin da aka gabatar a taron Ƙungiyar Ɗalibai)



An nemi mu yi magana a kan abubuwa uku, watau kiwon lafiyar jama'a, da tsaron rai da dukiya, da rigakafin gobara. A wajen Gwamnati kowannensu da ma'aikatarsa da shugabansa. Amma a cikin gari duk ukun a lungu ɗaya suke gamuwa. Lungun da motar 'yan kwana-kwana ta kasa shiga, shi ne motar asibiti ba ta iya shiga ta ɗauko mai naƙuda, shi ne kuma ɓarawo ke sulalewa a cikinsa da dare. Don haka muke ganin lalle shirin waɗannan al'amura daga unguwa ya kamata ya faro, sa'an nan ya hau sama. Za mu kafa misalanmu da birnin Kano.

A zamanin En'e, labari yakan tashi daga mai unguwa ya je ga dagaci ko wakili, ya wuce ga hakimi, har ya kai fada. Duba-gari yakan shiga gida ya leƙa randa da masai da makwarara. 'Yan doka kuwa 'yan gari ne, sun san kowa da ubansa. Wannan tsari yana da zaluncinsa, kuma talakawa sun sha kuka da shi. Duk da haka yana da abu guda mai tsada, shi ne sanin unguwa gida-gida. A ƙarshen shekarun 1960 aka haɗe 'yan doka cikin 'yan sandan Tarayya, a 1976 kuma aka yi gyaran ƙananan hukumomi. Mulki ya sake kama, amma ba a yi wa wancan sani magaji ba, alhali gari sai ƙara cika yake yi.

Mu dubi lafiya. A 1996 annobar sanƙarau ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, Kano tana cikin inda abin ya fi tsanani. Cuta ce mai jin daɗin zafin bazara da ɗaki mai cunkoso marar taga. Kazalika amai da gudawa da ke zuwa da damina, yawanci daga masai ne da aka haƙa kusa da rijiya, alhali masana sun ce a bar aƙalla mita 30 tsakaninsu. Likita ba shi da ikon hana mutum haƙa rami a gidansa. Mai unguwa da maƙwabta su ne ke gani tun ranar da aka sa diga. Ga kuma darasin shan-inna. A 2003 aka dakatar da allurar rigakafi a Kano saboda zargi da rashin yarda, cutar ta sake bazuwa har ƙetare. Da sarakuna da malamai da masu unguwanni suka shiga aikin sosai, sai iyaye suka buɗe ƙofa, har a 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka. Magani yana nan tun tuni, amincewa ce ta yi ƙaranci.

Gobara kuwa, wanda ya ga Kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 1996 da ashirin a kai, watau 2016, ba ya bukatar wa'azi. Wuta ta tashi da dare, ta cinye shaguna dubbai kafin a shawo kanta. A kasuwanninmu ana kafa rumfa a kan hanya, ana jan wayar lantarki barkatai, babu tafkin ruwa na ko-ta-kwana. A gidaje kuma ga kaskon garwashi lokacin hunturu, ga fetur a jarka ƙarƙashin gado, ga tukunyar gas. Bugu da ƙari, kududdufan da kakanninmu suka bari, masu tare ambaliya, an cike da yawansu an yi gini. 'Yan kwana-kwana sukan iso a makare, a bi su da zagi, ba a tambayi wanda ya toshe musu hanya ba.

Batun tsaro ma haka yake. Tsarin mulkin 1999 ya tanadi rundunar 'yan sanda guda ɗaya ga ƙasa baki ɗaya, saboda haka sau da yawa ɗan sandan da aka turo baƙo ne, bai san lungu ba. 'Yan sintiri sun san lungu, amma in ba a yi musu ƙa'ida ba sai su zama alƙalan kansu. Aikinsu shi ne su tsare, su miƙa wa hukuma, ban da duka.

To, me ya kamata a yi? Kowace unguwa ta kafa kwamiti ƙarƙashin mai unguwa, da liman, da ungozoma, da malamin asibiti, da wakilan mata da samari. Su zana taswirar unguwarsu, su nuna rijiyoyi da makwararai da lungunan da mota ba ta shiga. Su zauna sau uku a shekara: kafin hunturu don wuta, kafin bazara don sanƙarau, kafin damina don yashe kwata. Su rubuta bukatunsu su kai wa ƙaramar hukuma, domin tsarin mulki ya ɗora mata kwashe shara, da kula da kasuwanni, da sa wa tituna suna da gidaje lamba. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, talaka yana da hujjar tambaya.

'Yan'uwa ɗalibai, a nan namu aikin yake. Cikinmu akwai masu karatun likita, da tsara birane, da shari'a, kuma da gumin talakawan nan aka ilmantar da mu. In an yi dogon hutu, kowa ya je ya gai da mai unguwarsu da ladabi, ya nemi izini, ya ɗauki takarda da alƙalami ya auna lungunsu. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye garuruwanmu daga annoba da gobara da miyagun mutane, amin.