Yoyon Mai a Jirgin Sama: Abin da Ya Faru da Jirgin Air Transat a 2001



Kowace shekara maniyyata daga Runka da Safana da Batsari sukan hau jirgi a filin Katsina, su ƙetare hamada da Bahar Maliya, inda babu wurin tsayawa a gefen hanya. Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba abin da ya wajaba a kan matuƙi idan mai ya fara yoyo alhali jirgi yana sama.

Jirgin fasinja yana ɗauke da yawancin mansa a cikin fukafukai, kuma akwai bututu mai famfo da ya haɗa ɓangaren dama da na hagu. In ɗaya ya fi ɗaya nauyi, sai a buɗe famfon, a sha daga mai yawan. Wannan daidai ne, matuƙar ba yoyo ne ya kawo bambancin ba. Macen da ke da randa biyu a Runka, in ta ga ɗaya tana ƙasa, gindinta take fara dubawa kafin ta ƙara mata daga 'yar'uwarta.

Ranar 24 ga Agusta, 2001, jirgin Air Transat mai lamba 236, ƙirar Airbus A330, yana kan Tekun Atlantika daga Toronto ta Kanada zuwa Lisbon ta Fotugal, da mutum 306 a ciki. 'Yan kwanaki kafin nan an sauya masa injin dama, aka haɗa kayan da ba su dace da juna ba, har wani bututu ya riƙa gugar bututun mai, ya tsaga shi. Alamar farko ma ba ta mai ba ce: bakin man injin ne ya yi sanyi fiye da kima. Can daga baya na'ura ta nuna dama ta fi hagu ƙarancin mai.

A nan gizo ya yi saƙar. Kyaftin Robert Piché da mataimakinsa Dirk De Jager sun bi ƙa'idar daidaita mai da ka, ba su buɗe littafin ba, alhali kuwa a ciki akwai gargaɗin kada a yi haka in ana zaton yoyo. Suka buɗe famfon, man hagu mai lafiya ya bi ta tsagar ya tsiyaye. Sun fi zargin kwamfuta da kuskure, ga shi dare ne, waɗanda suka leƙa ta taga ba su ga kome ba. Da sun haɗa man da ya rage da wanda injuna suka ƙona, suka yarda da giɓin da lissafi ya nuna, da hanya a fili take, watau a bar famfo a rufe, a kashe injin da ke yoyo, a nufi fili mafi kusa da inji ɗaya.

Sun dai juya zuwa sansanin Lajes a tsibiran Azores. Injin dama ya mutu, bayan minti 13 na hagu ya bi shi. Jirgin ya yi lilo cikin iska kimanin kilomita 120, wata 'yar farfela da iska ke juyawa tana ba shi ɗan ƙarfin sarrafawa. Ya sauka da gudu, tayoyi 8 suka lalace, ba wanda ya rasu.

Bayan binciken hukumar Fotugal, kamfanin Airbus ya gyara na'urar yadda za ta riƙa yin wancan lissafi da kanta, ta kuma yi gargaɗi in mai yana ɓacewa.